Zuwa ga Edita: kafin ku buga taswira mai ja da kore, ku tambayi wa ya taka wurin

Assalamu alaikum Malam Edita,

Da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka. Abinda yasa na rubuto wannan wasiƙa wani abu ne da na daɗe ina lura dashi a rahotannin muhalli, ba a jaridarku kaɗai ba, kusan ko'ina haka ake yi, da zarar an ce "hoton tauraron ɗan'adam ya nuna" to shikenan magana ta ƙare, ba mai sake buɗe baki, sai a manna wata taswira mai ja da kore a saman labari a ce ga dajin da ya ƙare ga wanda ya saura. Ni kuwa sana'ata kenan, haɗa irin waɗannan taswirori a kwamfuta domin binciken dazuka da ruwa da namun daji, abinda ake ce ma GIS, kuma ina son aikin nan ƙwarai, shi yasa ma nake ganin gara wani daga cikinmu ya fito ya faɗa ma masu karatu inda abin yake da ƙarfi da inda yake ɗingishi.

Ga wanda bai sani ba, abin ba wani tsafi bane. Duk wani bayani da aka tattara a doron ƙasa ana haɗa shi da lambobi biyu da suke nuna daidai inda yake, latitud da longitud, to da zarar bayani ya samu waɗannan lambobin kwamfuta zata iya ajiye shi a mazauninsa. Sai ka yi falle ɗaya na yawan ruwan sama, falle ɗaya na tudu da kwari, ɗaya na irin ƙasar wurin, ɗaya na koguna da tafkuna, ɗaya na hanyoyin mota da garuruwa, sannan ɗaya na duk inda aka taɓa ganin dabbar da kake bincike a kanta, ka jera su wani kan wani. Daga nan sai ka fara yi ma kwamfutar tambaya, misali nuna min duk inda yake ƙasa da kilomita biyar daga ruwa, kuma ba hanyar mota kusa, kuma itatuwa sun rufe rabinsa. Aikin da a da sai mutum ya yi watanni da fensir da ruula, yanzu kafin ka miƙe ka dawo ta fito maka da amsa. Wanda aka fi danganta farkon abin dashi shine Roger Tomlinson, a ƙasar Kanada cikin shekarun 1960, lokacin da gwamnatin can take son sanin wace ƙasa ce ta dace da noma wacce ta dace da daji a faɗin ƙasar, takardun taswira suka yi musu yawa, dole aka koma ma kwamfuta.

Amma abinda ya canza komai a wajen masu binciken muhalli shine hotunan sama. Amurka ta harba tauraron ɗan'adam mai ɗaukar hoton ƙasa, Landsat na farko, a 1972, kuma tun daga lokacin har yau ana ta ɗaukar hoton duniya ba a tsaya ba, tauraro na tara a jerin an harba shi a 2021. Da can siyan hotunan ake yi, hoto ɗaya ɗaruruwan daloli, to ka ga mai bincike sai ya siya biyu ko uku ya yi ta lallaɓa su. A 2008 aka buɗe rumbun gaba ɗaya kyauta. Turai ma ta shigo da nata Sentinel-2 a 2015, shima kyauta, kuma ya fi kaifin ido. Manhajar da ake aikin da ita ma akwai QGIS wadda aka fara a 2002, ba a biyan ko sisi, duk da cewa manyan ma'aikatu sun fi amfani da ArcGIS na kamfanin Esri wanda shi sai da lasisi. Ga kuma Google Earth Engine da yake baka damar ka sarrafa dubban hotuna a kan kwamfutocinsu ba sai ka sauke su a taka ba. Wato yau ɗalibi mai laftof da data yana da abinda babban farfesa bai samu ba shekara talatin da suka wuce, wannan gaskiya ne kuma abin murna ne.

Kuma kada wani ya ɗauka kushe abin na zo yi, ya yi aiki wanda ido ya gani. Dubi Brazil. Hukumarsu ta binciken sararin samaniya, INPE, tun 1988 take auna yawan dajin Amazon da ake sarewa duk shekara da hotunan sama, sai a 2004 suka ƙaro wani tsari mai suna DETER wanda shi ba ya jiran ƙarshen shekara, da an ga sabon fili ya buɗe a cikin dajin sai a tura ma jami'an tsaron daji lambobin wurin su je. A 2004 ɗin an sare wajen murabba'in kilomita 27,800, zuwa 2012 abin ya sauko ƙasa da 5,000. Ba taswira kaɗai ta yi wannan ba, an haɗa da tara da kama mutane da hana bashin banki ga masu laifi, amma ba don taswirar ba da jami'in bai san ina zai nufa ba a dajin da ya fi ƙasashe da yawa girma. Kuma abin ya kai ga har ƴan siyasa suna jin zafinsa, a 2019 da alƙaluma suka nuna saran ya sake tashi, shugaban ƙasar na lokacin Bolsonaro ya ƙaryata su, shugaban hukumar Ricardo Galvão ya tsaya kan bakansa, ƙarshenta dai aka sauke shi daga kujerar. Hoton dai yana nan, kowa zai iya saukewa ya duba da kansa, wannan shine daɗin abin.

Ɓangaren dabbobi kuwa shi yafi burge ni. Ana ɗaura ma dabba wata ƴar na'ura a wuya ko a baya, tana aiko da inda take lokaci bayan lokaci, sai ka ga ɗigo-ɗigo suna jeruwa a kan taswira har su zama layi. A watan Oktoba na 2022 wani tsuntsun bakin ruwa mai dogon baki, ɗan wata biyar kacal a duniya, ya tashi daga Alaska bai sauka ba sai Tasmaniya a kudancin Ostireliya, kilomita 13,560 cikin kwana 11, ba ci ba sha ba hutu, ikon Allah. Da ba don na'urar da ke bayansa ba wa zai yarda? A jihar Wyoming ta Amurka kuma irin wannan bibiya ce ta nuna daidai inda garken wata dabba mai kama da barewa suke tsallaka babban titi duk shekara a hanyarsu ta ƙaura, motoci suna ta bankesu, sai aka gina musu gadoji a daidai wurin a 2012 su bi ta sama motoci su bi ta ƙasa. Ka ga nan taswira ta gaya ma injiniya inda zai zuba siminti, da ya gina a wani wuri daban da kuɗin sun tafi a banza domin dabba ba ta canza hanyar kakanninta don ka yi mata gada.

Toh, yanzu ga inda gizo ke saƙar. Tauraron ɗan'adam ba ya ganin "daji", ba ya ganin "itace", haske kawai yake aunawa. Ganye mai rai yana shanye jan haske domin da shi yake haɗa abincinsa, sannan yana mayar da wani haske da ke gaba da ja wanda idon mutum ba ya iya gani, na'urar kuma tana ganinsa. Sai a ɗebe jan hasken daga wanda ido ba ya gani ɗin a raba da jimillarsu, a samu lamba tsakanin -1 da 1, ita ce ake kira NDVI, ruwa yana faɗawa ƙasa da sifili, tsandauri da dutse kusa da sifili, ganye mai yawa ya haura sama. Launin koren da kuke gani a taswira mutum ne ya zauna ya zaɓa, shi ya ce daga lamba kaza zuwa kaza a shafa kore, in ya ga dama ya matsar da iyakar kaɗan sai dajin ya ƙaru ko ya ragu alhali ko reshe ɗaya ba a karya ba. Ba wai ana yin haka da mugun nufi bane a kullum, dole ne sai an sa iyaka a wani wuri, amma mai karatu ya kamata ya san akwai hannun mutum a ciki.

Sannan ba kowane kore bane alheri. Akwai wani itace mai ƙaya, Prosopis, ɗan asalin nahiyar Amurka, da aka kai yankunan Baringo a Kenya da Afar a Habasha don yaƙi da ƙwararowar hamada, ya bazu ya cinye makiyaya ya toshe hanyar zuwa ruwa, mutanen wurin suna kuka dashi, amma in ka duba daga sama wurin ya yi kore shar, mai lissafin NDVI a ofis zai ce maka an samu ci gaba. Haka kainuwar nan mai mamaye ruwa da ta rufe bakin tafkin Victoria a shekarun 1990 ta hana masunta fita, ita ma kore ce. Babbar taswirar dazukan duniya da Matthew Hansen da abokansa na jami'ar Maryland suka fitar a 2013, aiki ne na ban mamaki, sun tace hotunan Landsat sama da dubu 650 suka ce duniya ta rasa murabba'in kilomita miliyan 2.3 na itatuwa daga 2000 zuwa 2012, amma su da kansu abinda suka auna shine duk tsiron da ya wuce mita biyar a tsayi. To gonar roba ko ta kwakwar manja da aka shuka a layi bayan an share tsohon daji ita ma ta wuce mita biyar. A taswira duk itatuwa ne, a ƙasa kuwa ɗaya gida ne na dubban halittu ɗayan kuma itace iri ɗaya ne tal daga nan har inda ido ya tsaya. Masu aikin sun faɗi wannan a fili, masu ɗauko alƙaluman su kai ma jama'a ne suke yar da bayanin a hanya.

Akwai ma wanda ya fi wannan ciwo, dajin da yake tsaye cif, itatuwa manya, rufin ganye ba ko ɓaraka, amma mafarauta sun gama da duk wata babbar dabba da ke ciki. Wani masani Kent Redford ya ja hankali kan wannan tun 1992. Daga sama ba yadda za a yi ka gane, kuma irin wannan dajin mutuwa yake yi a hankali domin birai da tsuntsaye da giwayen da suke cin ƴaƴan itace su kai irin nesa babu su, manyan itatuwan in sun faɗi ba masu maye gurbinsu.

Abu na gaba da ba a cika faɗa ba shine girman ɗigo. Kowane hoto ɗigo-ɗigo ne aka haɗa, a Landsat ɗigo ɗaya yana wakiltar mita 30 tsawo mita 30 faɗi, duk abinda ke cikin wannan fili, itace ne, bukka ce, saniya ce, rairayi ne, a dunƙule yake zuwa a matsayin lamba ɗaya. Na Sentinel-2 mita 10 ne, na wata kyamarar sama mai suna MODIS kuwa mafi kyawunsa mita 250. To itace guda ɗaya da ke tsaye a tsakiyar gona ya ɓace kenan, ƙasar da ke kewaye dashi ta rinjaye shi. Shi yasa shekara da shekaru taswirorin duniya suke nuna busassun yankuna kamar ba komai a cikinsu. Sai a 2020 Martin Brandt na jami'ar Copenhagen da abokan aikinsa tare da NASA suka samu hotuna masu ɗigon rabin mita, shi Brandt ɗin ya zauna da hannunsa ya zagaye kan itatuwa kusan dubu 90 ɗaya bayan ɗaya don ya koya ma kwamfuta yadda itace yake, sannan aka sake ta ta ƙirga, ta samo itatuwa wajen biliyan 1.8 a yammacin Sahara da Sahel, a fili mai murabba'in kilomita miliyan 1.3. Itatuwan nan fa ba a 2020 suka tsiro ba, suna nan tun da, mutanen da suke zama a inuwarsu sun san dasu, taswira ce dai bata iya ganinsu ba, kuma duk wani lissafi da aka yi a baya a kan waccan taswirar an yi shi ne ba tare da su ba.

Sai kuma maganar yaushe aka ɗauki hoton. In ka ɗauko hoton ƙarshen damina na wata shekara mai ruwa ka ajiye a hagu, ka ɗauko na tsakiyar rani na shekarar fari ka ajiye a dama, ka rubuta "da" da "yanzu", wallahi duk wanda ya gani sai gabansa ya faɗi, alhali ba abinda ka nuna sai bambancin rani da damina. Tafkin Chadi ya sha wannan. Gaskiya ne ya ragu sosai, daga wajen murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 zuwa abinda bai kai kashi ɗaya cikin goma ba lokacin farin shekarun 1980, amma tafki ne marar zurfi da yake kumbura ya janye duk shekara, kuma ruwa mai yawa yana ɓoye a ƙarƙashin ciyayi inda kyamarar sama take ɗaukarsa a matsayin tudu, binciken baya-bayan nan ya nuna bai ci gaba da ƙafewa a miƙe ba kamar yadda hotuna biyun nan da ake ta yawo dasu suke sa mutum ya zata. Ga kuma gajimare, a dazukan da ake ruwa kullum sai a yi watanni ba a samu hoto mai tsabta ba, shi yasa ake haɗawa da na'urar rada (radar) irin ta tauraron Sentinel-1 wadda take ratsa gajimare, amma ita ma karanta ta wani ilimi ne daban.

Maganin duk wannan abu ɗaya ne kuma shine wanda ba a son kashe ma kuɗi, a je wurin da ƙafa. Yadda muke yi, bayan kwamfuta ta gama rarraba ƙasa ta ce nan daji nan gona nan ciyawa, sai a sa ta watsa ɗigo barkatai a kan taswirar, ba kai zaka zaɓa ba don kada ka zaɓi na bakin hanya, a loda lambobin a na'urar GPS a fita. Zaka ga kibiya tana cewa saura mita 400, tsakaninka da wurin kuma akwai kwazazzabo da sarƙaƙƙiya, haka zaka zagaya, in ka isa ka tsaya ka ɗan jira na'urar ta nutsu domin a ƙarƙashin manyan itatuwa lambar sai ta yi ta rawa, sannan ka ɗauki hoto gabas da yamma kudu da arewa, ka ja tef ka auna kaurin itatuwan daidai ƙirji, ka duba ƙasa ko akwai kashin dabba ko sawu ko kututturen da aka sare, ka rubuta abinda ka tarar ba abinda taswira ta ce ba. Na sha tsayawa a ɗigon da kwamfuta ta shafa ma koren "daji mai kauri" na tarar da kurmin ƙaya ne da bai kai kafaɗata ba, na kuma tsaya a inda ta ce fili ne fetal na tarar da ƙananan itatuwa birjik sun zubar da ganye ne kawai saboda rani. In an dawo sai a jera abinda taswira ta ce da abinda aka gani, a lissafa sau nawa ta dace sau nawa ta kuskure. Wannan lissafin shine darajar taswirar, duk taswirar da aka kawo maka babu shi to zane ne kawai mai kyau. Kuma abin takaici idan kasafin bincike ya gaza, fita dajin ake fara yankewa, domin mota da mai da alawus ɗin masu rakiya sun fi zama gaban kwamfuta tsada, rahoton kuma in ya fito ba mai gane an yanke.

Wani wurin da ake zamewa kuma shine taswirar "inda dabba kaza zata iya rayuwa". Ana ɗauko wuraren da aka taɓa ganinta, yawanci daga GBIF, rumbun bayanan halittu na duniya da aka kafa a 2001 wanda yanzu yake da bayanai sama da biliyan 2, a haɗa da zafi da ruwan sama da tsayin ƙasa, kwamfuta ta nemo sauran wurare masu kama da waɗannan. Dabara ce mai kyau, amma su waye suka tara bayanan? Kaso mafi tsoka tsuntsaye ne, kuma daga Turai da Arewacin Amurka, inda masu sha'awar kallon tsuntsu suke da yawa suna lodawa ta waya. Ƙwari da tsirran ƙasashe masu zafi da su ne suka fi yawa a duniya an bar su a baya nesa. Ko a cikin ƙasa ɗaya in ka zuba ɗigon a taswira sai ka ga sun bi titi sun taru kusa da jami'o'i da gandun shaƙatawa, wato inda mutum ya iya zuwa ka zana, ba inda dabba take ba, kwamfuta kuma ba ta san haka ba, sai ta yanke cewa wannan dabba tana ƙaunar kwalta. Ga kurakuran shigar da lamba, wani ya juya latitud da longitud, wani ya manta alamar ɗebewa sai kudu ta koma arewa, wani ya bar gurbin ba komai kwamfuta ta cike da sifili da sifili, wurin nan kuwa tsakiyar teku ne a mashigin Gini, duk mai wannan aikin ya taɓa ganin zaki ko kunkuru ko itacen dutse an jibge su a can cikin ruwa. Wannan mai sauƙin kamawa ne don abin dariya ne, wanda ya kauce da kilomita 20 kawai shine ba mai lura.

Har shimfiɗa duniyar a takarda ma akwai magana, tunda ƙwallo ce ba ta shimfiɗuwa sai an ja wani gefen. Salon Mercator na 1569 wanda taswirorin intanet da yawa suke bi har yau yana nuna Greenland kamar ta kai Afirka, alhali Afirka ta ninka ta wajen sau 14. Wanda ya auna faɗin daji a kan irin wannan ba tare da ya canza salo ba, lambarsa ta tashi aiki tun kafin ya fara, kuma sabbin shiga suna yin haka sosai domin manhajar ba zata hana ka ba, amsa zata baka da gudu.

Wani zai ce to meye a ciki, ai kuskuren malamai ne su gyara a tsakaninsu. A'a, abin yana sauka a kan mutane da ƙasa. A 2019 wasu masu bincike a Zurich suka fitar da taswirar cewa akwai fili kusan hekta miliyan 900 a duniya da za a iya cika shi da itatuwa don rage ɗumamar yanayi, labarin ya zagaye duniya, sai masanan filayen ciyawa suka taso suka ce ku dakata, wurare da yawa da kuka shafa ma launi ba dazuka bane da suka lalace, filayen ciyawa ne na asali masu dubban shekaru da nasu tsirran da nasu dabbobin da suke buƙatar sarari da hasken rana, in ka dasa musu itatuwa ka kashe su ne. Haka in za a shata iyakar sabon gandun daji, mai zane a ofis yana ganin fili ba gini ba gona sai ya ce ba kowa, alhali makiyaya suna bi ta nan wata uku a shekara, wasu suna ɗiban itacen magani, wasu kakanninsu a nan aka binne su, duk wannan ba ya fitowa a hoton sama. Shi yasa masu hankali a fagen suke zama da mutanen wuri a buga babban hoton a shimfiɗa a gabansu, su nuna da yatsa ga mashaya ga burtali ga inda ba a shiga, a mayar da wannan shima falle a cikin sauran fallayen. Cibiyar Jane Goodall ta yi irin haka da ƙauyukan da ke kewaye da Gombe ta ƙasar Tanzaniya inda birai suke, aka haɗa hotunan sama da sanin mutanen ƙauye aka tsara inda za a bari daji ya farfaɗo.

Ta ɗaya gefen kuma wani lokacin daidaiton ne yake zama bala'i. In ka wallafa daidai inda karkanda take kwana ko inda wani tsiro da ba kasafai ake samunsa ba yake fitowa, ba masana kaɗai ke karantawa ba, ɓarayin daji ma suna da waya da data. Shi yasa dandali irin iNaturalist yake dusashe ainihin wurin halittun da ke cikin haɗari ya nuna yanki kawai. Ku ma ƴan jarida in aka baku irin wannan bayanin don Allah a yi hattara da abinda ake bugawa.

Roƙona gareka Malam Edita ba mai wahala bane. Duk sanda wata hukuma ko ƙungiya ko wani mai bincike ya kawo muku taswira yace daji ya ragu da kashi kaza ko an farfaɗo da hekta kaza, wakilinku ya tambaye shi wane tauraro ne ya ɗauki hoton, a wane wata da wace shekara, ɗigo ɗaya mita nawa ne, me suke nufi da "daji" a lissafinsu tunda hukumar abinci ta duniya FAO tana farawa ne daga rufin ganye kashi 10 cikin ɗari wasu kuma sai kashi 30, sannan wurare nawa aka je aka duba da ido kuma sau nawa taswirar ta dace. Mai aikin gaskiya zai ji daɗin tambayar ya amsa nan take don yana da su a rubuce, wanda ya fara kame-kame kuma kun ga labarin ya ƙara armashi. Amsoshin ba zasu ci fiye da layi biyu a ƙarƙashin taswirar ba. Sannan in da hali ku ɗan buɗe fili ko sau ɗaya a wata a riƙa koya ma matasa masu karanta ilimin ƙasa da na halittu da aikin gona yadda ake sauke hotunan nan a buɗe su a QGIS, tunda kyauta ne, akwai mu da yawa da zamu rubuto in kun bada dama, amma da sharaɗin darasi na biyu ya zama na yadda ake sa takalmi a fita a duba.

Na gode da bani wannan fili, Allah ya ƙara ma jaridar albarka.

Naku,
Wani mai karatu, ma'aikacin taswirar muhalli